Ina Zan Samu Kwamfailar da Za Ta Yi Mini Aiki a Tsohuwar Windows XP?

Tambaya: Muna da na'urar awo a ɗakin gwaje-gwaje, haɗe da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Ƙaramar manhajar da ke karɓar sakamako daga na'urar da harshen C aka rubuta ta, rubutun tushenta yana hannuna, kuma ina so in gyara wasu layuka. Duk kwamfailar da na sauke, wato manhajar da ke fassara rubutun C, ta ƙi hawa kan XP. Da na gina manhajar a sabuwar kwamfuta na kai can, sai XP ta ƙi buɗe ta. Ba za mu iya canza kwamfutar ba, saboda katin na'urar ba shi da direba (manhajar da ke sa Windows ta gane katin) na sabuwar Windows. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗi da ka faɗi dalilin da ya hana ku canza kwamfutar, don haka ba zan ɓata maka lokaci da cewa ku sayi sabuwa ba. Na san wannan halin sarai. Na'urar lafiyarta ƙalau, katin lafiyarsa ƙalau, direba ne kawai aka daina rubutawa, shi ke nan aiki ya ɗaure ku da babbar manhajar da ta fito a 2001, wadda Microsoft ta janye hannu daga kula da ita tun 8 ga Afrilu, 2014. Akwai mafita, kuma ba ɗaya ba.

Sai dai tambayarka tambaya biyu ce a cure, kuma raba su shi ne rabin aikin. Kwamfaila manhaja ce da ke karɓar abin da ka rubuta da C ta mayar da shi harshen da furosesa ke ji. Inda ita kwamfailar take zaune daban, inda abin da ta haifa zai yi aiki daban. Kai kana neman wadda za ta zauna a kan XP. Abin da kake bukata shi ne wadda ɗanta zai yi aiki a kan XP, ko da ita kanta tana zaune a kan Windows 11 ko Linux. Yunƙurinka na biyu, wanda ka gina a sabuwar kwamfuta ka kai can, shi ne hanyar da ta fi. Saiti ne bai yi daidai ba.

Kafin ka sauke komai, ka kwafi had dis ɗin tsohuwar kwamfutar gaba ɗaya, hoton dis ɗin sukutum, da manhaja irin Clonezilla, ka ajiye a wuri biyu. Ka kuma ware kwafin tsohon fayil ɗin manhajar da ke aiki yanzu. Dis ɗin da ya haura shekara goma sha biyar yana juyawa ba ya ba da sanarwa kafin ya tsaya, kuma direban nan da ba a samu a ko'ina a cikinsa yake.

To, me ya sa XP ta ƙi abin da ka gina? Dalilai uku ne, kowanne da irin kukansa, kuma saƙon da ya fito maka a allo zai gaya maka wanne ne.

Idan saƙon ya ce "is not a valid Win32 application", to XP ba ta ma kai ga karanta aikin da ke cikin fayil ɗin ba. A goshin kowane fayil na exe akwai wurin da aka rubuta mafi ƙarancin Windows da yake bukata. Lambar XP mai 32-bit ita ce 5.01. Tun daga Visual Studio 2012, kwamfailar Microsoft tana rubuta 6.0 a wurin idan ba a ce mata komai ba, wato Vista. XP tana dubawa ta ga lambar ta fi tata, sai ta rufe ƙofa. Wannan saƙon ne kuma yake fitowa idan ka gina manhajar 64-bit ka kai wa XP mai 32-bit, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi, domin sababbin kayan aiki 64-bit suke zaɓa da kansu. Kana iya ganin goshin da idonka: umarnin dumpbin /headers idan kana da Visual Studio, ko objdump -p idan kayan GNU ne a hannunka, sai ka nemi layin da ya ambaci subsystem.

Idan kuwa saƙon ya ce "The procedure entry point" kaza "could not be located in the dynamic link library KERNEL32.dll", to ka tsallake ƙofar farko, ka faɗa ta biyu. Manhajarka tana neman wani aiki a wurin Windows wanda XP ba ta taɓa sani ba. Sunayen da aka saba gani su ne GetTickCount64, InitializeCriticalSectionEx da InitializeConditionVariable, dukkansu da Vista suka zo. Abin da ke rikita mutane shi ne, sai ka bincike rubutunka kaf ba ka ga inda ka kira ɗayansu ba. Ba kai ka kira ba. Laburaren C da kwamfaila take liƙa wa kowace manhaja, wanda ke ɗauke da printf da malloc da fopen, shi ne ya kira. Shi ya sa nake cewa masu wannan nema su rage kallon sunan kwamfaila su ƙara kallon laburaren da take tafe da shi. Shi ya sa kuma dabarar nan ta gyara lambar goshi da hannu daga 6.0 zuwa 5.01 ba kasafai take wadatarwa ba: ta buɗe ƙofar farko, ta biyu tana nan a kulle.

Na uku ya fi su wahalar ganewa, kuma ba laifin XP ba ne, na furosesa ne. Manhajar za ta buɗe, wataƙila ma ta yi ɗan aiki, sai ta faɗi da lambar kuskure 0xC000001D, ma'ana an ba furosesa umarnin da bai sani ba. Rukunin umarnin da ake kira SSE2 da Pentium 4 ya zo a shekarar 2000. Pentium III ba shi da shi, Athlon XP ma ba shi da shi, alhali kwamfutocin XP da yawa da su aka haɗa su. Tun daga Visual Studio 2012, ginin 32-bit yana amfani da SSE2 kai tsaye sai in ka hana.

Wannan ya taɓa cin mini kwana biyu. Na gina wa wani ɗakin gwaji ƙaramar manhaja, na gwada ta a XP da ke cikin kwamfutar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar, a kan tebur ɗina, ta yi aiki sumul. Na kai ta kan ainihin injin, ta buɗe, ta nuna sunan na'urar, ta karɓi awo na farko, tana zuwa lissafin matsakaici sai ta mutu. Sau goma na gwada, sau goma a wuri ɗaya. Na zargi waya, na zargi direba, na sake rubuta sashen lissafin. Sai a rana ta biyu na danna dama a kan My Computer na duba Properties, na ga Athlon XP. Kwamfutar kwaikwayon furosesan sabon injina take aro, don haka ba yadda za a yi ta nuna mini matsalar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ka duba sunan furosesanku yau, kafin komai.

Yanzu ga kayan aikin. Amma kada ka zaɓa tukuna sai ka san da me aka gina manhajar tun farko, domin sau da yawa wannan ne ke yanke hukunci. Duba foldar rubutun tushen. Fayiloli masu ƙarewa da dsp da dsw na Visual C++ 6.0 ne, wanda ya fito a 1998. Masu vcproj na Visual Studio 2002 zuwa 2008 ne, masu vcxproj daga 2010 zuwa sama, bpr kuwa na C++Builder ne na Borland. Idan babu ko ɗaya, buɗe tsohon exe ɗin da Dependency Walker, wanda ke aiki a kan XP, ka ga fayilolin DLL, wato laburarorin da ke zaune a wajensa, da yake jingina da su. msvcr71.dll na nufin 2003, msvcr80.dll na nufin 2005, msvcr90.dll 2008, msvcr100.dll 2010. Idan msvcrt.dll ne kawai, to ko Visual C++ 6.0 ne ko MinGW, kwamfailar GNU ta Windows.

Dalilin wannan binciken shi ne katin nan naku. Kusan tabbas manhajar ba kai tsaye take magana da shi ba, ta hanyar wani laburare ne da masu ƙera katin suka bayar, fayil ɗin h da lib da dll. Idan ƙofar laburaren ta C ce tsantsa, kana da sarari, kusan kowace kwamfailar 32-bit za ta iya kiransa, muddin ka kiyaye salon kiran da aka ayyana, ko stdcall ne ko cdecl. Idan ta C++ ce, to ka ɗauru da dangin kwamfailar da aka gina shi da ita, domin Microsoft da GCC, kwamfailar GNU, ba sa rubuta sunayen ayyukan C++ iri ɗaya. Fayil ɗin lib na Borland kuma tsarinsa OMF ne, na Microsoft COFF ne, ɗaya ba ya karanta ɗaya, sai dai a sake ƙirƙirar lib ɗin daga dll. Akwai kuma tarko guda da nake so ka riƙe: idan laburaren ya ba ka wani yanki na ƙwaƙwalwa, kada ka sake shi da free naka, ka nemi aikin da su suka tanada don sakinsa. Laburaren C ɗinku biyu ne daban, kowanne da rumbunsa, kuma haɗa su yana jawo faɗuwar da ba ta da lokaci, yau lafiya, gobe a tsakiyar awo.

Idan binciken ya nuna dangin Microsoft ne, ga abin da zan yi a matsayinka. A sabuwar kwamfutarka, girka Visual Studio 2017, ko 2019, ko 2022, ka shiga jerin ƙananan kayan da ake zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ka nemi tallafin Windows XP na kayan v141. A sababbin an yi masa alamar cewa an daina ci gaba da shi, amma yana nan. A saitin aikinka ka zaɓi v141_xp, ka zaɓi Win32 ba x64 ba. Wannan zai gyara lambar goshi, ya kuma yi amfani da fayilolin Windows na tsohon zamani. Sannan ka sa /MT, wato a dunƙule laburaren C cikin exe ɗin kansa. Ina nacewa a kan wannan saboda kunshin laburaren da Microsoft ke rabawa daban ya daina aiki da XP: na ƙarshe da ke aiki shi ne wanda ya zo da Visual Studio 2019 siga 16.7, lambobin fayilolinsa suna farawa da 14.27. Wanda ya sauko da na yau ya ɗora a XP zai iya lalata har manhajojin da ke aiki a da. Da /MT ba ruwanka da wannan. Idan furosesan ba shi da SSE2, ƙara /arch:IA32, ka kuma gwada a kan ainihin injin.

Idan ƙofar laburaren ta C ce, ko kuma manhajar ta mashigar siriyal kawai take magana, ni MinGW-w64 na fi so, wato GCC da aka shirya don Windows. Kyauta ne, ba rajista, kuma yana zama a kan Linux ya haifa wa Windows. A Debian ko Ubuntu kunshin sunansa mingw-w64, umarnin kuma kamar haka:

i686-w64-mingw32-gcc -std=gnu89 -march=i686 -D_WIN32_WINNT=0x0501 -static -o awo.exe awo.c

Lambar 0x0501 tana gaya wa fayilolin Windows su ɓoye duk abin da ya zo bayan XP, ta yadda in ka kira abin da babu, kwamfaila ce za ta yi maka magana tun a teburinka. Abu ɗaya za ka tabbatar: MinGW-w64 iri biyu ne yanzu, mai jingina da msvcrt.dll da mai jingina da UCRT, sabon laburaren da ya zo da Windows 10. Mai msvcrt kake so, domin wannan fayil ɗin yana cikin kowace XP tun daga masana'anta. Bayan ka gina, yi objdump -p awo.exe ka duba layukan DLL Name. In ka ga msvcrt.dll da KERNEL32.dll, madalla. In ka ga jerin sunaye masu farawa da api-ms-win-crt, ka ɗauko wanda ba shi ba. Tsohon msvcrt yana da nasa halin: bai san %lld ba wajen buga manyan lambobi, %I64d ya sani. Ko ka yi amfani da nasa, ko ka ayyana __USE_MINGW_ANSI_STDIO da ƙimar 1. Ga manhajar awo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba za ta faɗi ba, lamba marar kyau kawai za ta rubuta ta ci gaba. Ka kuma sani cewa -march naka rubutunka kawai ya shafa. Laburaren da suka zo a gine tare da kwamfailar, in an gina su da SSE2, haka za su shiga exe ɗinka.

Akwai lokacin da dole sai kwamfailar ta zauna a kan XP ɗin, misali kana son bin manhajar layi bayan layi tana magana da katin. Visual Studio 2010 shi ne na ƙarshe da ke hawa XP, kuma yana bukatar Service Pack 3. Sigar 2008 ma tana hawa, ta fi sauƙi a kan inji mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. A ɓangaren GCC, nau'in 32-bit na w64devkit an gina shi ya yi aiki har a kan XP, ba ya bukatar girkawa, warware shi kawai za ka yi a folda, kuma GCC ɗin cikinsa na zamani ne. Akwai Tiny C Compiler, ɗan ƙarami ƙwarai, sigarsa 0.9.27 ta 2017, ya isa ƙananan ayyuka. Tsohon Dev-C++ 4.9.9.2 na 2005 da mutane da yawa ke fara ambata zai hau, amma GCC 3.4.2 ne a cikinsa, ban ga dalilin komawa can ba alhali akwai waɗanda suka fi shi. Duk da haka ina ba ka shawarar ka rage girke abubuwa a kan injin awon. Kowane kunshi da ka ɗora yana iya sauya wani DLL da direban ke dogaro da shi.

Duk wadda ka zaɓa, kada ka fara da gyaranka. Fara gina rubutun yadda ka same shi, ba ka taɓa ko waƙafi ba, ka kai injin, ka auna abu ɗaya da tsohuwar manhajar da sabuwar, ka kwatanta sakamakon da fayilolin da suka rubuta. Idan ka haɗa sauyin kwamfaila da sauyin rubutu a lokaci guda, ranar da lamba ta karkace ba za ka san wa za ka kama ba. Kuma sauyin kwamfaila kaɗai yana iya karkatar da abu. Misalin da na fi gani shi ne time_t, ma'ajin lokaci na C. A Visual C++ 6.0 bayit 4 ne. Daga Visual Studio 2005 ya koma bayit 8. Idan manhajarku tana zuba tsarin bayanai kai tsaye cikin fayil, kuma akwai lokaci a cikinsa, sabon ginin zai karanta tsofaffin fayilolinku a gurguje, duk abin da ke bayan lokacin ya gusa. Ayyana _USE_32BIT_TIME_T yana mayar da shi yadda yake, sai dai ka san cewa agogon bayit 4 zai cika a watan Janairun 2038. Haka kuma lambobi masu ɗigo na iya bambanta a can ƙarshe tsakanin tsohon sashen lissafi na x87 da SSE2. Yawanci bambancin bai kai a damu ba, amma gara ka gan shi da idonka ka san daga ina ya fito.

Sababbin GCC kuma sun ƙara tsanani a kan tsohon salon C. Daga GCC 10, ayyana ma'aji ɗaya a fayiloli biyu ba tare da extern ba yana hana haɗawa, sai ka sa -fcommon. Daga GCC 14, kiran aikin da ba a gabatar da shi ba ya tashi daga gargaɗi ya zama kuskure. Shi ya sa na sa -std=gnu89 a umarnin can sama. Idan allo ya cika da jan rubutu, kada gabanka ya faɗi, kuskuren farko kawai za ka karanta, sauran galibi 'ya'yansa ne.

Sai batun inda za ka sauke, wanda nake ɗauka da nauyi fiye da yadda mutane suke ɗauka. Kwamfaila ita ce manhajar da ke haifar sauran manhajoji, in ta gurɓata duk zuriyarta ta gurɓata. Wannan ya faru a zahiri. A 2009 an gano ƙwayar Induc da ke shiga kayan gina manhaja na Delphi, duk manhajar da aka gina da su sai ta fito ɗauke da ita. A 2015 wani gurɓataccen Xcode, kayan gina manhaja na Apple, da masu rubuta manhaja suka sauko daga wuraren da ba na Apple ba, wanda aka sa wa suna XcodeGhost, ya kai cuta har cikin App Store. Mai neman tsohuwar kwamfaila shi ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin shafin asali ya ɓace, saura shafukan da ke cike da maɓallan saukewa na bogi. Ka fara da masu abin: Microsoft tana da sashen tsofaffin sigogin Visual Studio ga mai asusu, GNU tana ajiye tsofaffin GCC, kayan Linux kuma daga ma'ajiyar rarrabawarka. In dole ta kai ka ga rumbu irin Internet Archive, ka nemi lambar tantance fayil ɗin, SHA-1 ko SHA-256, daga wani wuri daban ka kwatanta. Umarnin certutil -hashfile a sabuwar Windows ko sha256sum a Linux zai fitar maka da ita. Ka kuma sani tsufa ba ya soke lasisi. Visual C++ 6.0 har yau kayan Microsoft ne, kuma tunda aikin na wurin aiki ne, wannan ma wani dalili ne na fifita kayan da aka saki kyauta.

Kada ka jona XP ɗin da intanet don saukewa. Internet Explorer 8 ba ya jin tsarin tsaron da shafukan yau suke amfani da shi, Chrome ya tsaya a 49, Firefox a 52, kuma injin da ba a yi masa facin tsaro ba bango ne tsagagge. Harin WannaCry na watan Mayun 2017 ya kai har Microsoft ta fitar wa XP facin gaggawa, shekara uku bayan ta sallame ta. Ka sauke a sabuwar kwamfuta, ka ware filash guda ɗaya na wannan aikin kaɗai, ka tsara shi da FAT32 ko NTFS, ka riƙa duba shi kafin da bayan kowace kaiwa.

Tunda wasu masu karatu nasu injin ba XP ba ne, bari in taɓo su a gurguje, ƙa'idar ɗaya ce. Mai Windows 98, Visual Studio 2005 ne na ƙarshe da ke haifa masa. Amma ni Open Watcom nake nuna wa mutane: yana zama a kan Windows ko Linux na yau, yana haifa wa DOS mai 16-bit da 32-bit, da Windows 3.1, da 95 da 98, da OS/2. Sigar 1.9 ta fito a 2010, reshen 2.0 kuma ana ci gaba da shi. C++ ɗinsa tsoho ne, amma ga C ba laifi. Ga DOS a kan 386 zuwa sama akwai DJGPP, wato GCC na DOS. In kuwa rubutun na Turbo C ne, cike da far da near da int mai bayit 2, ka bar shi a gidansa: Windows mai 64-bit ba ta buɗe manhajar 16-bit, don haka ka tayar da tsohuwar kwamfailar a cikin DOSBox-X ko 86Box ko FreeDOS.

Mai tsohuwar Linux kukansa shi ne GLIBC kaza "not found". Abin da aka gina a kan tsohon glibc, wato laburaren C na Linux, yana aiki a sabo, akasin haka ba ya yi. Don haka ka gina a cikin kwantenar tsohuwar rarrabawa, misali CentOS 7 mai glibc 2.17, ko ka dunƙule komai da musl, wani laburaren C na daban. Tsofaffin kunshin suna nan a archive.debian.org, old-releases.ubuntu.com da vault.centos.org. Wanda ya nace sai ya gina sabon GCC a kan tsohon injin, matakala zai hau: 4.7 ne na ƙarshe da kwamfailar C kaɗai ke iya ginawa, 4.8 yana son C++, 11 yana son C++11. Mai tsohon Mac, Xcode 2.5 na Tiger ne, 3.1.4 na Leopard, 3.2.6 na Snow Leopard, kuma MacPorts na kawo sababbin kwamfailoli a kansu. Ga sauran harsuna a kan XP kuwa, Python ya tsaya a 3.4, Go a 1.10, .NET Framework a 4.0.

Mu koma kanka. Ka tayar da XP a cikin kwamfutar kwaikwayo irin VirtualBox ko QEMU, da lasisin da ya halatta, don gwajin farko. Za ta kama maka matsalar goshi da ta DLL cikin minti ɗaya ba tare da ka taɓa injin awon ba. Katin da furosesan ne ba za ta nuna maka ba, su sai a can. Ranar da ginin ya yi aiki, ka tattara kwamfailar kanta, da laburaren katin, da rubutun tushe, da ainihin umarnin da ka buga, da lambar tantance kowane fayil, ka zuba a folda ɗaya, ka rubuta shafi guda na bayani, ka ajiye tare da hoton dis ɗin. Kayan v141_xp da kake iya zaɓa yau an riga an yi musu alamar sallama, kuma wanda zai gaje ka a wannan ɗakin zai zo da irin tambayarka.

Abubuwa huɗu nake so ka dubo mini: sunan furosesan, ainihin kalmomin saƙon da XP ta nuna maka, ƙarshen sunayen fayilolin da ke foldar rubutun, da jerin DLL da Dependency Walker ya nuna a tsohon exe ɗin. Da su zan iya gaya maka ko v141_xp za ka bi ko MinGW-w64, har da saitin da za ka sa.